Ranar da Mai Gyangyaɗi Ya Ƙi Motsi

A gabashin Jos, idan ka sauka daga kwalta ka bi hanyar da motocin dankali suke bi, akwai wani tsauni da duwatsunsa suka hau kan juna, kamar wani ne yake jera su aka kira shi, ya tafi bai dawo ba. Wani ya yi kama da tulu, wani kamar an kifa ƙwarya a kan turmi. A can sama akwai guda ɗaya da girmansa ya kai ɗaki, yana zaune a kan falalen dutse, inda suka haɗu kuwa bai fi faɗin faranti ba. Idan ka ɗora tafin hannunka ka tura a hankali, sai ya sunkuya, ya ɗago, ya sake sunkuyawa, kamar dattijo a sahun baya lokacin huɗuba. Shi ya sa ake kiransa Mai Gyangyaɗi. Kakannin Baba Pwajok, mai gonar da ke gindin tsaunin, haka suka tarar da shi, haka kuma suka bar shi.

Mariya ta karanta ilimin duwatsu a jami'a, ta gama, ta nemi aiki har takalmanta suka suɗe. Da ta gaji, sai ta sayi tantuna na gwanjo, ta nemi izinin Baba Pwajok, ta fara kai mutane kwana a gindin tsaunin. Ta ɗauki bidiyon kanta tana tura Mai Gyangyaɗi da hannu ɗaya, ta saka a intanet. Bidiyon ya yi yawo sosai, amma rabin waɗanda suka gani cewa suka yi haɗin kwamfuta ne.

Ana cikin haka Foluke ta kira ta. Tare suka yi firamare a unguwar Laranto da ke Jos, yanzu Foluke tana Legas tana shirya wa mutane tafiye-tafiye, Hausarta kuwa tana nan ba ta tsufa ba.

"Zan kawo miki baƙi, cikinsu har da Jide," in ji Foluke. "Kin san shi?"

"Wanda yake zuwa wuri ya ce ƙarya ne?"

"Shi fa. In ya ce wurinki gaskiya ne, sai kin rasa inda za ki sa mutane. In ya ce ke maƙaryaciya ce, ƙawata, ki sayar da tantunan ki koma saƙa hula. Ni dai na rantse masa a kanki. Dutsen nan yana motsi ko?"

"Yana motsi."

"To shi ke nan."

Abin da Mariya ba ta da shi mota ce ta kwasar kaya, don haka ta tafi unguwar Rayfield wurin Kawu Labaran, yayan mahaifiyarta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta har ta gama karatu. Mutumin kirki ne, wannan ba a musu. Ya yi ritaya daga ma'aikatar ayyuka, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana shirya wurare kafin zuwan manya. Idan aka ce wani babba zai ratsa ta wata hanya ranar Talata, to kafin Litinin Kawu ya sa an shafe duwatsun gefenta da farar ƙasa, an shafe gindin bishiyoyi, an ɗaure duk abin da yake lilo. A wurinsa, abu in yana motsi alhali ba mota ba ce, to ya lalace. Ritaya ta raba shi da ofis, amma ba ta raba shi da wannan ba.

Ya ce zai ba da motar, amma sai ya ga wurin da idonsa. Suka je tare. Ya hau tsaunin yana haki, yana duban ciyawa da ido irin na wanda aka yi wa laifi. Da suka kai sama Mariya ta ɗora hannu ta tura. Dutsen ya sunkuya. Kawu ya ja da baya, ya dafe hularsa.

"Tun yaushe yake haka?"

"Tun kafin a haifi kowa, Kawu."

"Kuma ba wanda ya kai rahoto?"

Ta yi dariya. Shi bai yi ba. Ya zagaya dutsen, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinsa, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Baƙin nan naki manya ne?"

"Ɗaya daga cikinsu dubban mutane ke kallonsa."

"To. Ki je ki ji da cefane, 'yar nan. Ki bar mini nan."

Ita ta ɗauka kai tantuna yake nufi. Ta yi masa godiya har da durƙusawa, ta shafe sauran kwanakin tsakanin kasuwar Farin Gada da wurin mai gyaran fitilu, ba ta sake leƙa tsaunin ba.

Baƙin suka iso ranar Juma'a da la'asar. Jide ne ya fara saukowa daga bas, da gajeren wando, da baƙin tabarau, da wani rawani da ya naɗa kamar an ɗaure masa ciwon haƙori. Wani ya gaya masa Arewa hamada ce, shi kuma ya riga ya sanar wa masu kallonsa cewa zai kwana a Sahara. Ya dubi gonakin kabeji kore shar, ya dubi gajimare, iskar Jos ta ratsa masa ƙauri. Ya tambaya da Turanci ina raƙuman suke.

"Sun tafi hutu," in ji Foluke da Hausa, sannan ta ba shi amsar da ta fi wannan ladabi.

Mariya ba ta ji su ba, don idonta yana kan hanyar da ke hawa zuwa sansanin. An share ta tas. An jera duwatsu dama da hagu, kowanne fari fat kamar haƙori. Bishiyoyin ma an shafe su har ƙugu. A inda ta saba hura wuta a zauna a kan tabarma, an kafa rumfar biki mai geza, da kujerun roba a sahu-sahu, da babban teburi mai leda. Tantunanta suna can gefe a layi ɗaya, kamar masu jiran albashi. A bayan wani dutse mai siffar tulu, janareto yana ta ɓaɓatu.

"Ƙawata," in ji Foluke a hankali, "aure za ki yi ba ki gaya mini ba?"

"Kawu ne."

"Allah sarki, Kawu. Yana nan yadda yake?"

"Kina gani."

Baba Pwajok ya taho yana murmushi, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci.

"Mariya, ka zo lafiya? Ka ga aiki? Oga Injiniya ya ce in gwamnati ya ga wurin ya yi kyau, zai kawo mana hanya."

"Baba, ai ka ce ko tsakuwa kada a taɓa."

"Na ce. Amma hanya fa, Mariya. Ka san kabeji nawa yana ruɓe mana kowane damina?"

Mariya ta tafi ta kashe janareton, ta hura wuta. Baƙin suka bar kujerun roba suka kewaye wutar da kansu. Aka gasa masara da dankali, aka sha shayi. Jide ya kwance rawanin ya naɗe ƙafafunsa da shi, wanda shi ne amfani na farko da rawanin ya yi tun daga Legas. Mariya ta ce wa kanta farar ƙasa ai ruwan sama zai wanke ta. Ba a taɓa abin da ya kawo su ba, wannan shi ne muhimmi.

Da gari ya waye suka hau. Ta bi da su ta wani rami tsakanin duwatsu biyu da sai mutum ya karkace yake wucewa, ta nuna musu inda ruwa ya ƙwaƙule dutse ya yi kwano, ta yi musu bayanin yadda zafi da sanyi suke ɓare dutse kamar albasa, sannu a hankali, har a sami waɗannan siffofi. Wata baiwar Allah a cikinsu ta ce ba ta taɓa jin wuri shiru haka ba, ta faɗa da ƙarfi, ta kuma maimaita. Jide kuwa yana adana bakinsa.

A sama, ya kafa kyamararsa a kan ƙafafunta, ya gyara tabarau, ya gaya wa masu kallonsa cewa ga dutsen nan da ake ta magana, yanzu za a san gaskiya. Ya yi wa Mariya alama da hannu.

Ta ɗora tafinta inda ta saba ɗorawa, inda hannayen mutane suka sa wurin ya yi santsi. Ta tura.

Dutsen bai motsa ba.

Ta gyara tsayuwa, ta sa hannu biyu. Ta sa kafaɗa. Foluke ta ajiye jakarta ta zo ta taya ta, maza biyu suka ƙaru, aka yi ta nishi. Mai Gyangyaɗi yana tsaye ƙyam kamar soja a ƙofar bariki.

"Wataƙila bai farka ba," in ji wani, aka yi 'yar dariya.

Mariya ta durƙusa ta leƙa. An tara ƙasa a gindin dutsen, an dasa 'yan furanni. Ta share ƙasar da hannu. A ƙarƙashi, inda da ake hango hasken rana ta ɗaya gefen, an cusa kankare an zagaye shi, an lallashe bakinsa da cokalin birkila, sumul. Aiki ne mai kyau. Ko tsaga babu.

Jide ya durƙusa kusa da ita, ya kawo kyamarar. Murna ta cika masa fuska, irin ta mai farauta.

"Siminti," in ji shi da Turanci, yana ƙwanƙwasawa da makulli. "Jama'a, ku gani da idonku. Ba bidiyon kaɗai ba ne ƙarya, dutsen ma gina shi aka yi. An ɗora shi, an manne shi, an ce muku yana rawa." Ya juyo da kyamarar kan fuskarta. "Malama, me za ki ce wa mutanen da suka taso tun daga Legas?"

"Yana motsi," in ji Mariya. "Satin da ya wuce ma ya motsa."

"Wa ya hana shi?"

Foluke ta matso kunnenta. "Faɗa masa mana. Kawu ne, ko ba shi ba?"

Mariya ta buɗe baki. Ta tuna mutumin da yake tsayawa a ƙofar makarantarsu da ledar burodi duk ranar ziyara, yana gyara wa mai gadi yadda ake riƙe ƙofa. Kyamarar tana kallonta, dubban mutane suna bayanta. Ta rufe bakin.

"Baba Pwajok ya sani," ta ce. "A nan aka haife shi."

Baba Pwajok, wanda 'ya'yansa ne suka hau da buhunan simintin a ka, ya ce lallai da yana motsi. Da aka tambaye shi me ya faru, sai ya sami wani abu mai ban sha'awa a can wajen gonarsa, ya zuba masa ido.

"Shaida ɗaya, kuma mai gonar ne," in ji Jide ga kyamara. "Ku yi hukunci da kanku."

"Mariya, ni ma fa sunana yana ciki," in ji Foluke, wannan karon ba wasa a muryarta. "Na rantse a kanki."

"Na sani."

"To?"

Daga ƙasa aka ji ƙarar mota, sannan aka ji haki yana hawowa. Kawu Labaran ne, cikin babbar riga fara mai aiki, da takalmi sau-ciki da bai dace da dutse ba. Ya zo buɗe taro, ya tarar da rumfarsa ba kowa, ransa ya ɗan ɓaci. Ya gaisa da kowa bi da bi, ya gane Foluke, ya tambaye ta mahaifiyarta da ciwon gwiwarta. Sannan ya lura da fuskar Mariya.

"Lafiya, 'yar nan?"

"Lafiya lau, Kawu."

"Ba lafiya ba, Kawu," in ji Foluke. "Wannan bawan Allah ya ce Mariya maƙaryaciya ce. Ya ce dutsen nan bai taɓa motsi ba."

Kawu ya juya gaba ɗaya, rigarsa ta biyo shi. Turancinsa na tsofaffin ma'aikata ne, wanda ake jin guga a jikinsa.

"Saurayi, ka ce bai taɓa motsi ba?"

"Siminti ne ya riƙe shi, Oga. Ga shi nan."

"Na san siminti ne. Wa kake tsammani ya sa shi? Idan abu lafiyarsa lau, mahaukaci ne ni da zan hau da birkila har nan?" Ya nuna dutsen da sanda. "Da idona na gani. Yarinyar nan ta taɓa shi da hannu ɗaya ya taho mini kamar zai gaishe ni. Shekara da shekaru yana haka, mutane suna wucewa, ba wanda ya ɗauki mataki. A ce baƙi za su taso daga Legas a tsayar da su a ƙarƙashin abin da yake lilo? Ba a gidanmu ba."

Sannu a hankali Jide ya juyar da kyamarar daga kan Mariya zuwa kan Kawu, kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi.

"Oga, don Allah a sake faɗa. Dutsen yana motsi da kansa, kai kuma ka sa aka manne shi?"

"Ba mannewa ake cewa ba. An ƙarfafa shi."

"Kawu," in ji Mariya da Hausa, "don Allah mu sauka ka huta. Rana ta fara zafi."

"Bari in gama, ana tambayata aikina." Ya gyara hula, ya fuskanci kyamara. Ya yi bayanin yawan yashi da tsakuwar da aka zuba, da yadda ya sa aka yi ta ba kankaren ruwa safe da yamma har ya kama. Ya ce ko tirela ta daki dutsen nan yanzu, tirelar ce za ta ji jiki. Ya gayyaci duk mai shakka ya zo ya tura. Baiwar Allahn nan mai son shiru ta toshe bakinta da gyale, kafaɗunta suna rawa.

Mariya ta ja Jide gefe.

"Ka ji gaskiya yanzu. Ka goge na farkon, amma wannan ma kada ka saka. Dattijo ne. Shi ya riƙe ni."

"Malama, dole in saka wani abu," in ji Jide. Ba da mugunta ya faɗa ba, sana'arsa ce kawai. "Ko dai ke kin yi ƙarya, ko shi ya yi wannan. Zaɓi ɗaya."

Ta dubi Kawu, wanda yake nuna wa Baba Pwajok inda ya kamata a sa matakala da ƙarfen dafawa. Ta san abin da za a rubuta a ƙarƙashin bidiyon. Ta san 'yan Rayfield za su tura wa juna, a kalla a masallaci bayan sallar isha'i, a yi shiru in ya shigo.

"Saka nawa," ta ce.

Foluke ta kama hannunta. "Kin haukace?"

Amma kunnen Kawu, da ba ya jin kiran abinci, ya ji wannan.

"Me za a saka, me za a bari?"

"Ta ce kada a nuna ka, Kawu," in ji Foluke da sauri, kafin Mariya ta taka mata ƙafa.

Kawu ya dubi Mariya da mamaki, har da ɗan ciwo.

"Haba, 'yar nan. Duk aikin da na yi wa gwamnati, wani ne yake yanke kirtani, wani ne yake fitowa a jarida. Yau na yi abu da aljihuna, saboda ke, sai ki ce a ɓoye? Kuma a bar mutane suna cewa 'yar da na riƙe tana ƙarya?" Ya juya wurin Jide. "Ka saka, saurayi. Duka. Injiniya Labaran, mai ritaya. Ka rubuta shi daidai."

Jide ya ce zai rubuta shi da manyan baƙaƙe. Ya miƙa wa Mariya hannu, ya ce ya janye maganarsa, zai kuma faɗa a fili cewa ita mai gaskiya ce, kuma dutsen ya yi motsi har zuwa makon jiya. Foluke ta sauke ajiyar zuciya, ta zauna a kan falalen, ta jingina bayanta da Mai Gyangyaɗi, abin da ba wanda ya taɓa yi a tarihin tsaunin.

Baƙin suka fara sauka don karin kumallo. Mariya ta tsaya a baya. Ta sake ɗora tafinta a wurin nan mai santsi, ba ta tura ba, ta dai bar shi a nan. Kawu ya matso, yana share gumi da bakin riga, fuskarsa cike da natsuwar wanda ya sauke nauyi.

"Ba sai kin gode mini ba," ya ce. "Akwai ma sauran siminti. Akwai wani da yake buƙatar gyara a nan?"

A bayan tsaunin, inda ta shirya kai baƙin da yamma, akwai wani dogon dutse da ya tsage tun daga sama har ƙasa. Idan iska ta bi ta tsagar, yakan yi busa kamar sarewa, har a gonar Baba Pwajok ana ji. Daga inda suke tsaye ana hango kansa.

Mariya ta gyara tsayuwa yadda za ta tare masa wajen, ta kama hannunsa don ta taimaka masa sauka.

"Babu, Kawu," ta ce. "Sauran duk lafiyarsu lau."